Sabon Akawu Ya Shigo Ofis: Yadda Ɗan Kasuwa Zai Mori Ƙirƙirarriyar Basira Ba Tare Da Ya Yi Asara Ba

JALINGO — Duk wanda ya tsaya da safe a bakin gadar Nukkai, a kan hanyar da ta fita daga Jalingo ta nufi Wukari, zai ga manyan motoci suna wucewa da lodin masara da shinkafa da doya da siminti da shanu. Abin da ido ba ya gani shi ne, da yawa daga cikin waɗannan motoci takarda ce ta tayar da su: takardar farashi, ko ta yarjejeniya, ko rasit, ko wasiƙar neman rance daga banki. Tun daga ranar 27 ga watan Agusta, 1991, lokacin da aka yanke Jihar Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola, aka kuma mayar da Jalingo hedikwatarta, harkar takarda take ta bunƙasa a garin, domin kuwa inda gwamnati ta zauna nan 'yan kwangila da 'yan kasuwa suke taruwa, kuma sanin kowa ne ba a hulɗa da gwamnati ko banki da fatar baki.

A 'yan shekarun nan an sami sabon mai rubuta waɗannan takardu, wato fasahar nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wadda 'yan boko suke taƙaita sunanta da AI. Kamfanin OpenAI na Amurka ne ya buɗe wa jama'a manhajarsa mai suna ChatGPT ranar 30 ga watan Nuwamba, 2022. Daga bisani wasu kamfanoni suka fito da nasu, irin su Gemini na Google, da Copilot na Microsoft, da Claude na Anthropic. A watan Afrilu na 2024 kuma kamfanin Meta ya sanya tasa a cikin WhatsApp ga masu amfani da shi a Nijeriya. Ma'ana dai, mai shagon siminti a Nukkai, muddin yana riƙe da babbar waya kuma yana da data, to, yana da akawun da zai rubuta masa wasiƙa da Turanci mai kyau cikin ƙasa da minti ɗaya.

Tambayar da ta dace ɗan kasuwa ya yi ita ce: ina ribar take, ina kuma asarar take ɓuya? Amsar a taƙaice ita ce, wannan fasaha ta karya farashin rubutu, amma ba ta rage ko kwabo daga farashin kuskure ba. Wanda ya sa hannu a takarda shi ne zai biya.

Tsohon Akawu Da Sabo

Manya daga cikin masu karatu za su tuna da marubuta wasiƙa da suke zama a ƙofar gidan waya da bakin kotu, da ɗan teburinsu da tafireta, suna rubuta wa jama'a koke ko takardar neman aiki a kan ɗan abin da ya samu. Tun zamanin Turawan mulkin mallaka hukuma ta fahimci cewa wannan sana'a tana da haɗari ga wanda bai iya karatu ba, saboda haka aka kafa dokar kare waɗanda ba su iya karatu da rubutu ba. Dokar ta wajabta wa duk wanda ya rubuta takarda a madadin irin wannan mutum ya sa sunansa da adireshinsa a jikinta. Sa sunan nan tamkar shaida ce cewa abin da aka gaya masa shi ya rubuta, kuma ya karanta wa mai takardar, ya bayyana masa ma'anarta kafin ya dangwala yatsa.

Sabon akawun ya fi tsohon sauri nesa ba kusa ba, ba ya gajiya, ba ya kuma neman na goro. Sai dai ba shi da suna ko adireshin da za a bi a same shi idan takarda ta jawo rigima. Kamfanonin da suka ƙera shi ma da kansu suna gargaɗin cewa yana iya yin kuskure, don haka a binciki abin da ya faɗa. Ke nan nauyin da doka ta ɗora wa marubucin ƙofar gidan waya ya dawo kacokan kan mai takarda.

Yadda Na'urar Take Aiki

Domin a san inda za a amince da ita da inda za a yi taka-tsantsan, wajibi ne a fahimci yadda take aiki. An ɗura mata rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa daga littattafai da jaridu da shafukan intanet, har ta ƙware wajen hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata. Da wannan hasashe take jera kalmomi su zama jumla, jumloli su zama wasiƙa. Abubuwa uku ne suka biyo bayan wannan.

Na farko, daɗin zancenta ba ya nuna gaskiyarsa. Idan ta rasa wani bayani, sau da yawa takan ƙago wanda ya yi kama da na gaske, ta faɗe shi da irin ƙarfin gwiwar da take faɗin abin da yake daidai. Na biyu, karatun da aka yi mata yana da ranar da ya tsaya, don haka abin da ya faru bayan wannan rana yana iya kuɓuce mata. Wasu daga cikin manhajojin yanzu suna leƙa intanet kafin su ba da amsa, amma duk da haka sukan ɗauko tsohon bayani su ba da shi a matsayin sabo. Na uku, saninta yana da kauri a inda aka yi rubutu da yawa, yana da rauni a inda rubutu ya yi ƙaranci. Ta san London da New York ciki da waje. Abin da ta sani game da Iware ko Mutum Biyu ko Garba Chede bai taka kara ya karya ba.

Ɗan kasuwa yana iya gwada wannan da kansa. Ya tambaye ta ranar da kasuwar shanu ta Iware take ci, ko farashin buhun riɗi a makon da ake ciki, ko kuɗin dakon kaya daga Jalingo zuwa Zing. Idan ya kwatanta amsarta da abin da shi ya sani, zai gane gwargwadon amanar da ya kamata ya ba ta a kan abin da bai sani ba.

Ribar Da Ke Ciki

Ba shakka akwai riba, kuma an auna ta. A watan Yuli na 2023 mujallar kimiyya mai suna Science ta buga wani bincike da masana tattalin arziki biyu na jami'ar MIT ta Amurka, Shakked Noy da Whitney Zhang, suka gudanar a kan ma'aikata 453 masu digiri. An ba su irin rubutun da aka saba yi a ofis, kamar gajeren rahoto da sanarwa da wasiƙa. Waɗanda suka yi amfani da ChatGPT sun rage lokacin aikin da kashi 40 daga cikin 100, ingancin rubutunsu kuma ya ƙaru da kashi 18. Abin lura shi ne, waɗanda rubutunsu ya fi rauni tun farko su ne suka fi cin moriyar abin.

Wannan batu na ƙarshe yana da muhimmanci ga garuruwa irin Jalingo. Akwai 'yan kasuwa da dama da suka san sana'arsu sarai, suna juya miliyoyin Naira, amma Turancin ofis yana yi musu shamaki a banki ko a ma'aikatar gwamnati. Haka nan ƙungiyoyin manoma na gama-kai da suke neman rance daga Bankin Manoma ko Bankin Masana'antu. Ga irin waɗannan, na'urar ta rage tazarar da ke tsakaninsu da manyan kamfanonin Legas da Abuja masu ɗaukar ƙwararrun marubuta.

Amma akwai bincike na biyu da ya kamata a ajiye kusa da na farko. A watan Satumba na 2023 masana daga jami'ar Harvard da wasu jami'o'i sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi da ma'aikata 758 na kamfanin ba da shawara na Boston Consulting Group. A ayyukan da na'urar ta iya, masu amfani da ita sun fi sauri da kimanin kashi 25. Da aka ba su wani aiki da aka tsara shi musamman don ya fi ƙarfinta, wanda yake buƙatar a haɗa alƙaluma da bayanan hira a yi nazari, sai labari ya sha bamban: kimanin kashi 84 na waɗanda suka yi aikin da kansu sun dace da amsa, alhali masu dogaro da na'urar sun tsaya a kimanin kashi 60 zuwa 70. Ƙwararru ne, amma santsin rubutun ya sa sun saki jiki. Hausawa dai sun ce sauri ya haifi nawa.

Inda Asara Take Ɓuya

Bari mu ɗauki misali. A ce wani ɗan kwangila a Nukkai, wanda kamfaninsa yake cikin masu karɓar harajin VAT, zai ba da takardar farashin kujeru da teburan ofis na Naira miliyan 8. Wannan haraji ya fara aiki a Nijeriya a 1994 a kan kashi 5 daga cikin 100, ya shafe kimanin shekara 26 a haka, kafin a ɗaga shi zuwa kashi 7.5 a watan Fabrairu na 2020. Wato akwai tarin tsofaffin rubuce-rubuce a intanet da suke ambaton kashi 5. Idan tsohon adadin ya kutsa cikin takardar, za a rubuta harajin Naira 400,000 a maimakon Naira 600,000. Bambancin Naira 200,000 daga ribar ɗan kwangilar zai fita, domin hukumar haraji ba za ta saurari uzurin cewa na'ura ce ta yi lissafi ba.

Misalan irin wannan suna da yawa, saboda dokokin kasuwanci a ƙasar nan sun sha canji a ɗan ƙanƙanin lokaci. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga Naira 30,000 da aka tsayar a 2019 zuwa Naira 70,000 a watan Yuli na 2024. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yi wa ƙaramin kamfani rajista shi kaɗai, alhali a da sai an haɗa aƙalla mutum biyu. Ranar 26 ga watan Yuni, 2025, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, aka tsayar da watan Janairu na 2026 don fara aiki da sabon tsarin, har ma hukumar FIRS ta sami sabon suna, wato NRS. Duk takardar da ta taɓa ɗaya daga cikin waɗannan batutuwa, dole ne a tabbatar da abin da ke cikinta daga hukumar da abin ya shafa ko daga akanta.

Sannan akwai sanin ƙasa. A watan Agusta na 2024 ambaliyar ruwa ta karya gadar Namnai da ke Ƙaramar Hukumar Gassol, a kan wannan hanya ta Jalingo zuwa Wukari, aka daɗe ana fiton mutane da kaya. Duk direban da ke tashar mota ya san abin da hakan ya yi wa kuɗin dako da lokacin isar kaya. Na'urar da aka ce ta tsara yarjejeniyar kai kaya tana iya rubuta alkawarin isarwa cikin kwana ɗaya, har ta ƙara da tarar jinkiri, domin a lissafinta tafiyar kimanin kilomita 200 ce kawai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Alhaki Na Kan Mai Sa Hannu

A ƙasashen da aka fara amfani da wannan fasaha an riga an gwada wannan magana a gaban shari'a. A shekarar 2023, a birnin New York, wasu lauyoyi da suke ƙarar kamfanin jiragen sama na Avianca sun miƙa wa kotu takarda mai ɗauke da hukunce-hukuncen shari'a guda shida da suka kafa hujja da su. Da aka bincika sai aka tarar babu ko ɗaya da ya taɓa faruwa. ChatGPT ce ta ƙago su. A watan Yuni na wannan shekara alƙali ya ci su tarar Dalar Amurka 5,000, ban da zubewar mutunci.

A ƙasar Kanada, wani fasinja da kakarsa ta rasu ya tambayi na'urar amsa tambayoyi ta kamfanin Air Canada game da rangwamen da ake yi wa masu tafiya ta'aziyya. Na'urar ta gaya masa yana iya sayen tikiti ya nemi rangwamen daga baya, alhali ƙa'idar kamfanin ba ta yarda da haka ba. Kamfanin ya yi ƙoƙarin zame kansa daga abin da na'urar ta faɗa, amma a watan Fabrairu na 2024 kotun sasanta ƙananan ƙararraki ta lardin British Columbia ta yi watsi da wannan hujja, ta umarce shi ya biya kimanin Dalar Kanada 812.

A watan Oktoba na 2025 kuma, kamfanin Deloitte, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin binciken kuɗi na duniya, ya amince ya mayar wa gwamnatin Ostareliya wani ɓangare na kuɗin wani rahoto da ya kai Dalar ƙasar 440,000, bayan da aka gano sunayen littattafan da ba su wanzu ba da wata magana da aka jingina wa alƙali alhali bai faɗe ta ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A nan gida, 'yan kwangila su ne suka fi fuskantar irin wannan tarko. Idan aka ce na'urar ta rubuta tarihin kamfani don neman kwangila, takan so ta ƙawata shi: ta ƙara shekarun gogewa, ta ambaci injiniyoyi da kayan aikin da babu su. Dokar sayen kayayyakin Gwamnatin Tarayya ta 2007 ta ɗauki amfani da takardun ƙarya a matsayin laifi, kuma kamfanin da aka kama ana iya hana shi kwangila har tsawon aƙalla shekara 5, tare da tarar kashi 25 daga cikin 100 na kuɗin kwangilar.

Sirrin Ciniki Da Dokar Kare Bayanai

Abin da aka rubuta wa na'urar ba a cikin waya yake tsayawa ba. Yana tafiya ne zuwa manyan kwamfutocin kamfanin da ya mallake ta, galibi a ƙasashen waje, kuma a tsarin wasu kamfanonin ana iya amfani da shi wajen ƙara koyar da na'urar, sai fa idan mai amfani ya shiga saituna ya hana. A 2023 wasu injiniyoyin kamfanin Samsung na Koriya ta Kudu sun zuba bayanan sirri na aikinsu a cikin ChatGPT don ta taimaka musu, abin da ya sa kamfanin ya hana ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji a kan na'urorinsa a watan Mayu na wannan shekara.

A Nijeriya maganar ta wuce ta sirrin ciniki, ta zama ta doka. Ranar 12 ga watan Yuni, 2023, aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ɗora wa duk wanda yake riƙe da bayanan mutane nauyin kiyaye su, ta kuma gindaya sharuɗɗa kafin a fitar da su zuwa wata ƙasa. Tarar da ta tanada tana iya kaiwa Naira miliyan 10 ga manyan masu riƙe da bayanai, Naira miliyan 2 ga sauran, ko kuma kashi 2 daga cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Saboda haka mai makaranta mai zaman kanta, ko mai asibiti, ko sakataren ƙungiyar adashi, wanda ya kwashi sunayen mutane da lambobin wayarsu da lambar BVN ko NIN ya zuba wa na'ura don ta tsara masa su, ya jefa kansa cikin haɗari ba tare da ya sani ba.

Maganin wannan mai sauƙi ne. A cire sunan gaskiya a sa Wane, a cire lambar asusu a bar gurbi, a cike su da hannu bayan an kwafo rubutun. Har ila yau dokar ta ba mutum haƙƙin kada a yanke hukunci mai nauyi a kansa bisa aikin na'ura kaɗai, don haka ba daidai ba ne a bar mata zaɓen wanda za a ɗauka aiki ko wanda za a sallama.

Matsalar Harshe

A Jalingo ana ciniki da Hausa da Fulatanci da Mumuye da Jukunanci, amma takarda da Turanci ake yin ta. Wannan ya sa fassara ta zama babban aikin da ake ba na'urar. Google ya sanya Hausa cikin manhajarsa ta fassara tun 2013, masana 'yan ƙasa kuma, irin su ƙungiyar HausaNLP, suna aikin tattara rubutun Hausa don koyar da na'urori. A watan Satumba na 2025 Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya, a ƙarƙashin Dokta Bosun Tijani, ta ƙaddamar da N-ATLAS, wadda aka gina don Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin 'yan Nijeriya. Duk da wannan ci gaba, Hausar na'ura ba ta kamo Turancinta ba, ƙananan harsuna kuwa sun fi zama a baya.

Hausar kasuwa ce ta fi ba ta wahala. Idan dattijo ya ce jaka biyar, Naira 1,000 yake nufi, na'urar kuwa tana iya ɗaukar maganar a kan jakunkunan zuba kaya. Kafin alƙalami, da la'ada, da mudu, da tiya, kowannensu yana da ma'anar da 'yan kasuwa suka sani, wani lokaci ma girman mudu yakan bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Takan kuma rikita namiji da mace, ta rubuta wa Hajiya da ka. Wasiƙar da za ta je fadar Mai Martaba Sarkin Muri tana da irin gaisuwar da ta dace da ita, wadda ta sha bamban da ta manajan banki. Hanyar da ta fi tsaro ita ce, idan an fassara takarda zuwa Turanci, a sami wanda ya iya harsunan biyu ya karanta ya mayar wa mai ita da baki, kamar dai yadda tsohuwar doka ta tanada.

Yadda Za A Ba Ta Aiki

Ƙa'ida ta farko ita ce, bayani daga gare ka, tsari daga gare ta. Wanda ya ce mata kawai ta rubuta wasiƙar neman biyan bashi zai sami wasiƙar da ta dace da kowa, wadda kuma ba ta dace da kowa ba. Wanda ya san aiki zai ce: ni dillalin siminti ne, na ba wani abokin ciniki buhu 300 ranar kaza, ya biya rabi, saura kaza, wa'adi ya wuce da mako uku, mun shekara shida muna hulɗa kuma ba na son mu ɓata, ki rubuta wasiƙa gajeriya cikin ladabi, kada ki ƙara wani adadi ko alkawarin da ban faɗa ba, inda kike buƙatar bayani ki tambaye ni. Bambancin sakamakon biyun kamar na dare da rana ne.

Ƙa'ida ta biyu, a ware ayyuka gwargwadon abin da kuskure zai ci. Gyaran Turanci, taƙaita dogon rahoto, tsara bayanan taro, rubuta sanarwa ga ma'aikata ko tallar kaya, duk waɗannan ana iya ba ta su hankali kwance, a karanta a wuce. Takardar farashi, da neman rance, da neman kwangila, tana iya yin zubin farko, amma kowane adadi sai an sake lissafa shi da hannu. Yarjejeniyar fili ko gida, da takardar rantsuwa ta kotu, da bayanin haraji, da takardar sallamar ma'aikaci, waɗannan aikin lauya ne da akanta. Kuɗin da za a biya su bai kai wanda za a kashe a kotu ba.

Ƙa'ida ta uku, kafin a sa hannu a bi takarda da alƙalami a ja layi a ƙarƙashin abubuwa huɗu: suna, adadi, kwanan wata, da alkawari. Duk wanda mai takarda ba zai iya nuna inda ya samo shi ba, a cire shi. Idan na'urar ta ambaci wata doka ko wani sashe nata, a nemi dokar a gani da ido. Sake tambayarta ko ta tabbata ba bincike ba ne, domin mai ƙago magana yana iya ƙago mata shaida.

Ƙa'ida ta huɗu, a faɗi gaskiya ga wanda ya biya kuɗi. Ba lallai ne a rubuta a ƙasan kowace wasiƙa cewa na'ura ta taimaka ba. Amma wanda aka biya don ya yi nazarin kasuwa ko ya tsara shirin kasuwanci, an sayi saninsa ne, saboda haka haƙƙin abokin cinikinsa ne ya san wane ɓangare ne na'ura ta yi, wane ne kuma aka bincika.

Daɗin daɗawa, ya kamata a tuna cewa 'yan damfara ma sun sami wannan akawu. A da, gurɓataccen Turanci yakan tona asirin wasiƙar 419. Yanzu takardar kwangilar bogi tana iya zuwa da Turancin da ya fi na ma'aikatar da aka ara sunanta. Duk takardar da ta nemi a tura kuɗi, ko ta ce an canza lambar asusun da aka saba biya, a kira mai ita a lambar da aka sani tun da, ko a taka a je ofishinsa.

Makomar Masu Sana'ar Takarda

Masu shagunan buga takardu da sakatarorin ofis suna da dalilin damuwa, domin abin da suke sayarwa ya yi araha. Amma a ƙa'idar tattalin arziki, idan abu ɗaya ya yi araha, abokin tafiyarsa da ya yi ƙaranci shi ke yin tsada. Rubutu ya yawaita, wanda zai duba shi ya ce wannan daidai ne, wancan kuskure ne, shi ne ya yi ƙaranci. Matashin da ya fito daga Jami'ar Jihar Taraba, wadda aka kafa a 2008, idan ya haɗa iya sarrafa na'urar da sanin dokar haraji da sanin kasuwannin jihar, ya sami sana'ar da za a riƙa nemansa.

Ga masu kamfanoni kuwa, ko da ma'aikatansu ba su wuce biyar ba, lokaci ya yi da za su rubuta ƙa'ida a shafi guda su manna a bango: wace manhaja aka yarda a yi amfani da ita, wane bayani ne aka hana a zuba mata, wa zai duba takarda kafin ta fita, wa kuma zai sa hannu. Hana amfani da ita gaba ɗaya ba zai yi tasiri ba, tunda tana cikin wayar kowane ma'aikaci. Zai sa ne kawai a riƙa yi a ɓoye, inda babu mai dubawa. Maigidan da bai iya Turanci ba kuma kada ya ji nauyin cewa a karanta masa takarda a fassara masa ita layi bayan layi kafin ya ɗauki biro, domin sunansa ne a ƙasa, dukiyarsa ce kuma a ciki.